Dutsen Murhun da Na Ɗauke

A ƙasarmu ta Dakoro dutse baƙo ne. Sai ka yini kana tafiya tun daga Sabon Maci har ka doshi Azagor ba ka yi tuntuɓe da ko guda ba, rairayi ne kawai da sabara da ƙarangiya. Shi ya sa duwatsun murhu ukun nan da mace ke ɗora tukunya a kai, a wurinmu dukiya ce. A bayan jaki ake kawo su daga nesa, uwa ta mutu ta bar wa ɗiyarta, ita ma ta bar wa tata. In gobara ta cinye gida, su kaɗai ke saura a inda suke, da su mace ke gane nan ne madafata, nan ne ƙofar ɗakina, nan na binne abu kaza. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Na faɗa ne tun da fari don kada wani mai kirki ya ji labarina ya ce ai yaro ne, rashin sani ne. Ba rashin sani ba ne.

Zamanin Faransa ne, saura ƴan shekaru a ba mu mulkin kai. Ina kolej a birni, shekaruna sha bakwai ko kusa da haka, mu ba a rubuta mana ranar haihuwa ba. Kai, ƴan lakwal na lokacin nan, mu ƴan makarantar boko, Allah ya yafe mana! Gajeren wandon kaki, takalmi mai igiya, Faransanci a baki ko ba a tambaye mu ba. Ni kuwa nawa ya fi na kowa, don abokaina ɗan daji suke ce mini. Wai a garinmu raƙumi ne liman, wai sai da na zo birni na fara ganin ƙofa mai makulli. Ina dariya tare da su, amma abin na ci na a rai, kullum ina neman ranar da zan nuna musu ni ma kaina ya waye.

Ana saura kwana biyu a yi ƙaramin hutun bazara, malaminmu na lissafi ya shigo aji da wata takarda. Mushe muke ce masa, kamar kowane malami. Mutumin bakin teku ne, Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “kawo ruwa” ba, kuma mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya ce gobara ta tashi a wani ƙauye arewa da Dakoro, ba ta bar ɗaki ko rumbu ba. Ba a rasa rai ba, amma damina na tafe, mutane ba su da inda za su sa kai. Kumandan, Baturen mulkin Dakoro, zai ba da kamyo, wato babbar mota, da kayan aiki na kwana shida. Ba dole, wanda ke so ya ba da hutunsa ya ɗaga hannu. Kafin ya rufe baki hannuna na sama. Tausayi na ciki, ban ce babu ba. Amma rabin abin da ya ɗaga hannun nan, so nake mutanen ƙasarmu su gan ni ina sauka daga mota.

Mu goma sha huɗu muka hau bayan kamyo, da felu na kwasar ƙasa da manjagara da buhunan wofi da igiya sabuwa ful. Muka tsaya barikin Dakoro, inda kumandan ya ba Mushe zanen sabon gari a takarda. Titi ɗaya mai faɗi zai tashi daga rijiya ya miƙe gabas, ƙananan hanyoyi su gitta shi, rumbuna a kai su can bayan gari, don ko wuta ta sake tashi kada ta yi tsalle daga jinka zuwa jinka. Gaskiya dabara ce mai kyau, har gobe ina faɗa. Aka haɗa mu da gardi guda mai jar hula, dogarin bariki, muka kama hanya. Mun wuce ta gefen kasuwa, na hango babana a rumfarsa ta dukanci yana ɗinkin gafaka, na ɗaga masa hannu daga saman mota kamar wani gwamna. Daga nan sai rairayi. Sau nawa mota ta cije muka sauka muka tura, ban ƙirga ba.

Warin ne ya fara tarbar mu. Wanda bai taɓa jin warin rumbun gero da ya ƙone ba, Allah ya sa kada ya ji, kamar tuwon gari ne duka ya kama a tukunya guda. Waƙar da muke yi ta mutu a baki. Babu gari. Sai baƙaƙen da'irori a ƙasa, kowace ɗaki ce a da, da tudun toka inda rumbuna suke, wasu har lokacin suna fitar da ɗan hayaƙi, da kututturan itace tsaitsaye. A kowane gida ga duwatsu uku a zaune. Babu kowa kuma, don wutar ta cinye har itatuwan bakin rijiya da igiya da guga, ga rijiyoyinmu da zurfi, ba a samun ruwansu da wasa. Mata da yara sun koma wani ƙauye a kudu, tafiyar rabin yini, maza sun shiga daji yankan itace da shibci. Tsoho ɗaya aka bari yana korar awakin makiyaya daga toka.

Ni ne tafinta, tunda ni ne ɗan ƙasa. Na ɗan rusuna na gaishe shi, ba sosai ba, don abokai na kallo. Ya saurari abin da ya kawo mu, ya yi ta godiya, sannan ya kama hannuna.

“Ɗana, ka ce wa malaminku Allah ya saka da alheri. Rijiya kam ku gyara, mun gode. Amma toka, kada a taɓa ta sai mata sun dawo sun tankaɗe. Kowace ta san abin da ta bari ƙarƙashin tata. Gata da hantsi suna nan.”

Na gane sarai. Haka ake yi a wurinmu. In wuta ta mutu toka ta huce, kowace mace ta zauna bakin murhunta da rariya, ta tsince allura da dutsen wuya da ƙwayar hatsin da wuta ta tsallake, ta tone abin da ta binne. Sai ta tashi da kanta sannan namiji ya sa hannu. Na ga an yi a unguwarmu ina ƙarami. Amma na dubi abokaina, na ji a kunnena abin da za su ce in na faɗi cewa mu zauna kwana uku cikin shida muna jiran mata su zo su tona toka kamar kaji. Sai na juya na ce wa Mushe da Faransanci, “Ya ce sun gode ƙwarai.”

“Duk wannan dogon zance godiya ce?”

“Haka tsofaffinmu suke, Mushe.”

Aka yi dariya, aka rarraba felu. Da tsohon ya ga an nufi gidan farko, ya taso yana ɗingishi ya riƙe ƙotar manjagarar wani abokina. Gardi ya daka masa tsawa. A zamanin nan wanda ya zo cikin motar bariki ba a ja da shi, ko da alheri ya kawo. Tsohon ya koma gindin aduwa ya zauna, ya dube ni sau ɗaya.

Mun yi aiki, wannan ba mai ƙwace mana. Yaran nan da ke tsokana ta, waɗanda ba su san kowa a ƙasar ba, ba su da dangin iya ba su da na baba, sun ba da hutunsu sun shiga ranar bazara har wani ya faɗi aka yayyafa masa ruwa, ya tashi ya koma. Muka kwashe toka a buhu muka zubar a wani kwari yamma da gari, iska ta yi gaba da rabinta. Muka tumɓuke kututture. Abin ƙarfe da muka tsinta, wuƙa ko munduwa ko bakin hauya, muka tara a kwando ɗaya bisa amana, ba wanda ya sa ko allura a aljihu. Duwatsun murhu kuwa muka tattara su tsibi guda a bakin rijiya, wai za a daɓe wurin da su. Muka kafa wa rijiyar sababbin itatuwa, muka ja ruwa mu takwas a igiya ɗaya. Da yamma muna baƙi ƙirin da toka, sai haƙora, muna jin kanmu mutane. Kowace maraice Mushe na aika wa tsohon da shinkafa a kwano, kowace safiya mu tarar da ita yadda aka kai.

Akwai dutse ɗaya da ban manta ba. Ja ne, da tsaga a gefe kamar kofaton akuya, kaifin tsagar ya yanke ni a babban yatsa da na ɗaga shi. Na durƙusa ina tsotsar jinin, sai na ji ƙasa ƙarƙashin gwiwata ta amsa, dum, kamar an taka gora. Na san abin da ke amsawa haka. Kakata ma tana da irin wannan wuri a ɗakinta, tun muna yara ta hana mu tsalle a kai. A daidai lokacin Mushe ya ƙwala mini kira daga bakin rijiya, yana riƙe da bakin igiya, wai in kafa turke inda nake, nan babban titi zai bi. Na matsa taku ɗaya na buga turken. Na ce a raina anjima zan dawo in duba. Kafin la'asar an share wurin an baje tudun. Washegari muka kwaso laka daga busasshen tabki muka shimfiɗa a titin, muka yayyafa ruwa, muka daɓe da ƙafa muna waƙa. Ban koma na duba ba.

Ran na huɗu da hantsi matan suka ɓullo daga kudu, a jere, goyo a baya, kowace da rariya ko faifai na aro a ka. Mushe ya sa muka yi layi a bakin titi. Fili fes, turaku a jere, igiya a miƙe, ko tsinke babu. Ni har na tanadi fuskar da zan yi in aka rangaɗa guɗa. Suka iso suka tsaya. Wata ta sauke rariyarta a hankali ta ajiye a ƙasa, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ɗora hannu biyu a ka. Kukan da suka yi ranar nan, na ji tsohon yana gaya wa gardi, ba su yi irinsa ran gobarar ba. Mushe ya ruɗe yana tambaya ta me ya faru. Na ce ganin garin ne ya tuna musu. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Wasu suka nufi kwarin da muka zubar da toka, suka zauna suna tankaɗen abin da iska ta rage, na wannan gida ya cuɗe da na wancan. Saura suka taru a tsibin duwatsu. Wallahi kamar masu tsintar ƴaƴansu a taron kasuwa, kowace ta juya ta juya ta ciro nata uku, ba gardama, ba wadda ta ɗauki na wata. Daga ƙarshe wata tsohuwa doguwa, baƙa, siririya, cikin zane mai shuni da ya koɗe, ta ɗauki jan dutsen nan mai tsaga ta rungume. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ji Hausata, ta tambaye ni ɗan gidan wa ne, na faɗa. Ashe ta san kakata, kusa da juna suke zama a kasuwar Dakoro, ita da cuku, kakata da daddawa.

“Af, ashe mijina ne aka aiko mini cikin mota!” in ji ta, irin wasan da kakanni ke yi da jikoki. “To maigida, zo ka zama bakina wurin malaminku.”

Hausarta da ɗan nauyin harshe irin na mutanen bakin hamada. Ta ce murhunta a cikin ɗaki yake, na tsofaffi masu jin sanyi, kuma dab da dutsen nan akwai tulu a binne, an cuɗa gero da toka an liƙe bakin da yumɓu. Iri ne. Uwarta ce ta sauko da shi daga arewa ƙulle a gefen zane, lokacin da suka bar bin raƙuma suka zauna noma. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta kai kamu ɗaya ba, mutanen kudu dariya suke masa, amma yana nuna da wuri, kafin ruwa ya ɗauke. Ƙauyen nan shi ne ƙarshen noma, daga shi sai makiyaya, daminarsu gajera ce, kuma duk garin shi suke shukawa. Na kowa a rumbu yake, ya ƙone. Ƙauyukan da ke kudu da su baƙi ne daga kwarin Maraɗi, da dogon geronsu suka zo. Saura na tulun nan kaɗai. Kowace kaka takan zaɓi zangarniya mafi kyau ta sake cika shi, shekara da shekaru tana yi wa irin wannan rana tanadi, ba a taɓa buƙata ba sai bana.

“Tulu guda ba zai cika gonakin gari ba,” in ji ta, “amma in kowane gida ya samu ludayi biyu uku, za a ci wani abu bana, baɗi kuma iri ya dawo. Ka tambayar mini yaran nan, wa ya ɗauko wannan dutse, a ina ya ɗauko shi?”

Na fassara. Wannan karon ban rage ko kalma ba. Mushe ya cire hularsa yana ta share zufa, yana cewa me ya sa ba wanda ya gaya masa, me ya sa. Tsohon nan na gindin aduwa, ba ya jin Faransanci. Da bakina na tambayi abokaina goma sha uku, ɗaya bayan ɗaya, ita tana biye da ni da dutsen a hannu tana nuna wa kowa. Kowa ya dube ta ya girgiza kai, kuma gaskiyarsu ce. Sai ta juyo kaina.

“Kai fa, maigida?”

Yatsana na ɗaure da tsumma, na mayar da hannun bayana. Jibi kumandan zai zo ganin titinsa. In na ce nan ne, sai an farfasa daɓen da muka yini muna yi, a tsakiyar titin, a kuma tambaye ni yaya aka yi na ji ƙasa ta amsa na yi shiru. Daga nan tsohon ya buɗe baki, gardi ya fassara, kowa ya san abin da na haɗiye ran farko. Har kora daga kolej na hango, da fuskar babana. Sai wata murya ta ce mini, ai ba ka tabbata ba, wataƙila ramin gafiya ne. Na kama muryar nan hannu bibbiyu. Na kau da kai daga fuskarta na dubi wani wuri, na ce, “Ban tuna ba, Kaka.”

“Ba komai,” in ji ta. “Allah ya yi maka albarka.”

Ta ce za ta gwada da ƙafa. Ta tsaya bakin rijiya ta rufe ido, ta fara tafiya kamar ta ɗauko ruwa za ta gida, hanyar da ta bi fiye da shekara talatin. Nan a kewaye dangar wane, nan a ratsa tsakanin rumbu biyu, nan a sunkuya wa reshen magarya. Amma danga babu, rumbu babu, magaryar ma mu muka tumɓuke kututturenta. Sau uku tana yi, sau uku tana tsayawa wuri dabam. Mazan da suka dawo daga daji suka bi wuraren da sanduna masu tsini suna soka ƙasa, mu muna tono, har yini biyu. Titi kuwa ba wanda ya taɓa, laka ta bushe ta yi tauri, kuma gardi ya ce ko akuya kada ta hau kafin kumandan ya gani. Ni na fi kowa tono. Bororon hannuna ya fashe, ƙotar felu ta yi jini, Mushe na nuna ni ga saura yana cewa su yi koyi. Ina tono ne a wurin da na san babu komai, taku ashirin daga turkena. Da rana tsaka tsohuwar ta kawo mini ruwa a ƙoƙo, ta ce haba, mijinta zai kashe kansa ya bar ta da takaba.

Kumandan ya zo ran na shida, ya taka titin daga rijiya har ƙarshe, ya ji daɗi, ya ba mu hannu ɗaya ɗaya. Da Mushe ya gaya masa zancen iri, ya ce wannan mai sauƙi ne, zai aiko da buhuna daga Maraɗi, iri mai kyau, zangarniya kamar hannun mutum. Ya kuwa cika alkawari. Mutanen gari suka yi godiya, to me za su ce? Mun bar musu rijiya tana aiki, da ƴan ɗakuna da aka fara tayarwa. Da mota za ta tashi, tsohuwar ta ce in gaida kakata, in ce mata ta iya reno. Ban isar da saƙon ba. A kolej aka sa mu rubuta labarin tafiyar, nawa ya fi na kowa, darekta ya karanta shi gaban makaranta duka. Daga ranar ba wanda ya sake ce mini ɗan daji. Na samu abin da na je nema, kuma Allah ya sani ban ji daɗinsa ko na yini ɗaya ba.

Da babban hutu na dawo gida, damina ta yi nisa. Ran kasuwa ina zaune a rumfar babana, sai na ji wani mai jaki yana ba da labari ana ƙyaƙyatawa. Wai garin nan da ƴan lakwal suka gyara, albarka ta yi yawa har gero na tsira tsakiyar titi ba wanda ya shuka. Washegari da sassafe na ari jakin kawuna, na ce zan je gaida aboki.

Gonakin garin gwanin sha'awa, gero ya fi ni tsawo, kore shar. Amma ko ɗaya bai yi ciki ba, kuma duk manomin da na gaisar, sama yake kallo kafin ya amsa. Wani ya ce mini da nasu ne da yanzu ya fid da kai. Na shiga gari ta bakin rijiya. Tun daga nesa na hango shingen ƙaya a tsakiyar titi, da ita zaune a gefe. Cikin shingen ga tsiro cunkus, zagaye guda kamar faifai, sirara, sun yi rawaya suna danne juna. Taku ɗaya daga nan turkena ne, gara ta ci rabinsa.

Abin da ya faru, kamar yadda aka gaya mini, ruwan farko bai ratsa lakar ba, da shi aka shuka irin Maraɗi. Sai bayan wata guda aka yi ruwa mai ƙarfi, titin ya zama rafi tunda miƙaƙƙe ne, ya wanke daɓen, ya shiga tulun da ƙafafunmu suka riga suka tsaga. Na sama ya tsiro. Da aka tona ta gefe, na ciki ya ruɓe, sai tsami. Ta cire masu ɗan ƙarfi ta dasa bayan sabon ɗakinta, sauran ta kewaye da ƙaya, ta ce ba za ta bar akuya ta ci abin uwarta tana kallo ba.

Bari in faɗi ƙarshen geron nan tun yanzu, don ba shi da tsawo. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, bai zalunci kowa ba. Irin Maraɗi yana cikin fid da kai ya tsaya, aka samu kara mai kyau na danga. Dashenta ya makara, ya yi ƴan kawuna kamar yatsa, ba ƙwaya. Kafin sanyi rabin garin ya watse kudu neman abinci, wasu ba su dawo ba. Ita an ce wani ɗan ƙanenta ya ɗauke ta zuwa wajen Bader Goula, can ta rasu kafin wata damina. Na yi shekaru ina aikin malanta a ƙauyukan ƙasar nan, duk inda na ga gajeren gero sai na tsaya na roƙi zangarniya ɗaya. Akwai masu kama da shi. Tsofaffin garin da na kai wa sukan murza a tafi su ce ba shi ba ne. Garin kuwa bai sake ƙonewa ba, titin na nan har yau, motoci na bi.

Ranar nan dai na sauka daga jaki na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi kakata, ta tambayi karatu. Na taho da magana a bakina tun daga Dakoro, na yi ta juya ta a hanya, amma ta riga ni.

“Ka san wani abu? Ranar da na bi ku da dutse, yaran nan baƙi kowa tsakar ido ya dube ni, kamar sa'arsa. Ban ga laifinsu ba, ba a koya musu ba. Kai kaɗai ka kau da kai. Wallahi sanyi na ji a raina. Na ce ga ɗan gida, lakwal ba ta cinye masa kunya ba. Har mata na ba labarinka.”

Ta miƙa hannu ta cikin ƙaya ta tayar da wani tsiro da ya kwanta.

“Sai da abin nan ya fito na zauna nan, na tuna inda na tsaya ranar, na tuna inda ka tsaya. Nan kake kallo.”

Na buɗe baki. Ban san me na ce ba, ina jin na ce Kaka ki yafe mini, ina jin kuma kuka ne kawai ya fito. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni, ko ta ɗauko dutsen nan ta jefe ni, da na samu sauƙi, da yau ban zauna ina rubuta wannan ba. Ta bari har na yi shiru, sannan ta turo mini ƙoƙon ruwan da ke gefenta.

“Sha ruwa, ɗan lakwal,” in ji ta. “Hanyarka da nisa.”

Na sha. Sai a kan jaki, na yi nisa da garin, na lura tun isowata ba ta ce mini maigida ba ko sau ɗaya.